Lauyan mai gida ne zai rubuta mana takardar ciniki, ko sai na ɗauki nawa?

Maman Hanifa:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Don Allah shawara nake nema kafin in yi abin da zan dawo ina da na sani. Na samu gida a wajen Naibawa, ciki uku da falo, an yi ciniki an sallama a kan miliyan 18. Kuɗin nan kasonmu ne ni da yarana na gadon marigayi, babu wasu a bayansu. Mai gidan ya ce kada in wahalar da kaina, yana da lauyansa, shi zai rubuta yarjejeniya ya buga hatimi, ni dai in tura kuɗi. Dillali ma ya ce haka ake yi. Ƙanina kuwa ya kafe sai na ɗauki nawa lauyan daban. Ni a ganina lauya ai lauya ne, ba doka ɗaya suka karanta ba? Kuma ba shari'a nake da kowa ba, me zai kai ni ofishin lauya?

Ɗan Kwari:
Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya jiƙan maigida. Ki riƙe kuɗinki. Mai unguwa ya sa hannu, a samu dattawa biyu su shaida, shi ke nan. Iyayenmu da suka mallaki rabin garin nan wane lauya suka ɗauka? Sunan ma ai ya isa wa'azi, magana tana miƙe in ya shigo sai ta lauye.

Barista na Kaduna:
Amin. Alhaji Ɗan Kwari, mun saba da wannan zolayar, ba za mu yi faɗa ba.

Hajiya, ƙaninki yana kan daidai, kuma tambayarki ta ƙarshe ita ce tushen matsalar mutanenmu. Mun ɗauka lauya mutumin kotu ne, sai an kama ɗanka ko an kawo maka sammaci ka neme shi. Alhali mafi yawan aikin lauya a kan teburi yake, babu alƙali babu ɗan sanda: duba takardu, bin diddigin mallaka, rubuta yarjejeniya, ba da shawara, riƙon amanar kuɗi. Wanda yake wannan ɓangaren shi Turawan Ingila suke kira solisita. Mai tsayawa gaban alƙali da hular gashi da baƙar riga shi ne barista.

Lauyan mai gida kuwa, mai gida yake yi wa aiki. Shi ya ɗauke shi, shi zai biya shi, maslaharsa aka ɗora masa ya kare. Ba ya cikin aikinsa ya tafi ma'aikatar ƙasa ya binciko miki aibin gidan. A tsarin da aka koya mana ma, lauyan mai sayarwa shi ke tsara yarjejeniyar farko, lauyan mai saye ya yi bincike sannan ya rubuta takardar da za ta mayar da mallaka. Mutum biyu ne, kowa da nasa gefen.

Ummu Khairat:
Barista tsaya tukuna. To ku da muke ce wa barista, ashe ba ku ne masu takardar fili ba? Sai mun nemi wani solisita daban?

Barista na Kaduna:
A'a 'yar'uwa. A Najeriya an haɗe su. Duk wanda ya gama digirin shari'a, ya yi shekararsa a Makarantar Horar da Lauyoyi, aka rantsar da shi, sunansa yana shiga rajistar Kotun Ƙoli ne a matsayin barista kuma solisita a lokaci guda. Ni a reshenta na Bagauda da ke Kano na yi tawa. Makarantar 1962 aka kafa ta a Legas, kafin nan sai dai mutum ya tafi Landan, kamar yadda Sapara Williams, lauyan Najeriya na farko, ya yi, wanda ya zama barista a can a 1879. Bakin jama'a ne kawai ya ɗauki barista ya bar ɗayan, wataƙila don ya fi daɗin faɗa. Akwai abokan aikinmu da suka shekara ashirin ba su taka kotu ba, kuma sun fi mu masu yawon kotu ƙiba.

Abban Sadiq (Birmingham):
Bari in ba ku abin da na gani da idona a nan Ingila. Da za mu sayi gida, ban taɓa zama da mai gidan mun yi maganar kuɗi ba. Nawa solisita daban, nasa daban. Abin da tawa ta fara yi ma sai da ya ba ni haushi: ta ce in kawo fasfo, in kawo takardun banki, in yi bayanin inda kowane fam ya fito. Akwai ɗan kuɗin da yayana ya turo mini daga gida, sai da ya rubuto takarda cewa kyauta ce ba rance ba. Na ce baiwar Allah, ni na ɗauke ki ko hukuma? Ta ce doka ce ta ɗora mata, in ba ta tambaya ba ita za a kama.

Daga nan ta shiga bincike, hukumar rajistar filaye, ƙaramar hukuma, har maganar magudanar ruwa da ko unguwar tana ambaliya. Makonni muna jira. Kuɗina kuma ba asusunta suka shiga ba, akwai asusu na daban da doka ta tilasta musu su buɗe don kuɗin mutane kawai. Ranar da aka kammala, kuɗi suka tashi daga wannan asusun zuwa na lauyan mai gida, aka kira ni aka ce in je in karɓi makulli.

Abin da ya sa suke tsoro shi ne akwai mai sa musu ido. Hukumar SRA mai kula da solisitoci, wadda ta fara aiki a 2007, tana iya rufe ofishi sukutum. Dole kowane ofishi ya yi inshora saboda kuskuren aiki, kuma akwai asusun biyan diyya idan solisita ya cinye kuɗin mutum. Ƙungiyar solisitocin kuwa tun 1825 take.

Ɗan Kwari:
To ai ka ji. Can akwai mai sa ido. Nan wa zai sa? Ka ba kura ajiyar nama ka ce akwai dokar hana ci.

Baba Mai Ritaya:
Ɗan Kwari bai yi ƙarya ba, ni ganau ne. Da na bar aiki na koma gida, na bar wa wani lauya shagunana guda huɗu ya riƙa karɓar haya. Shekarar farko lafiya lau. Ta biyu ya ce 'yan haya ba su biya ba. Na yi shiru. Rannan na shigo gari ɗaurin aure na biya ta shagon tela, yaron ya buɗe durowa ya zaro mini rasit, ga hatimin ofishin, ga sa hannu, wata bakwai da biya. Na tsaya riƙe da takardar nan hannuna yana rawa. Da na je ofishin sai ya ce wai kuɗin sun shiga wata hidima, zai mayar. Sai da na haɗa shi da surukinsa sannan na samu, shi ma kaɗan-kaɗan kamar mai karɓar sadaka. Don haka 'yata, in za ki ɗauki lauya ki ɗauka, amma ki buɗe ido.

Barista na Kaduna:
Baba, Allah ya huci zuciyarka. Ba zan kare wannan ba, cin amana ne tsagwaronsa. Dokar asusu na daban da Abban Sadiq ya ambata mu ma muna da ita, tun 1964 aka yi ƙa'idojinta. Kuɗin wanda kake wa aiki ba a gauraya su da naka, ba a ranta, ba a juya su a kasuwa da niyyar mayarwa, kuma da sun shigo za ka sanar da mai su. Kalmar nan da ya faɗa maka, "zan mayar", ita kanta amsa laifi ce.

Kuma akwai inda ake kai mu ƙara. Akwai kwamitin ladabtar da lauyoyi, LPDC, yana iya jan kunne, ya dakatar da mutum, ko ya soke sunansa daga rajista gaba ɗaya, ya kuma ce a mayar da kuɗi. Ana iya farawa da reshen ƙungiyar lauyoyin Najeriya, NBA, na garin. Ban ce abin yana sauri ba, ba ya yi. Amma mu ma muna da laifi, sai a cuce mu mu ce mun bar wa Allah, ko mu bi ta wajen suruki kamar yadda Baba ya yi. Baba ya samu kuɗinsa, shi kuma mutumin yana nan da hatiminsa yana jiran na gaba.

Baba Mai Ritaya:
Haka ne ɗana. Kunya ce ta hana ni, mahaifinsa abokina ne.

Ɗan Maraɗi:
Mu nan Nijar tsarin Faransa muka gada, abin ya sha bamban. Mai zuwa kotu shi ne aboka. Cinikin gida kuwa wurin noter ake zuwa, dukansu Metir muke ce musu. Shi noter hukuma ce ta naɗa shi, ba na mai saye ba ne ba na mai sayarwa ba, tsakiya yake, kuma takardar da ya rubuta tana da ƙarfi sosai gaban shari'a. Ina jin abin da Hajiya take zato ke nan game da lauyan mai gidan, ta ɗauka ɗan tsakiya ne.

Maman Hanifa:
Wallahi Malam ka karanto zuciyata. Haka na ɗauka. To Barista, a ce lauyan nan ya san gidan yana da matsala, ba dole ne ya gaya mini ba?

Lauya 'Yar Zariya:
Anti bari in amsa wannan, babban yaya ya huta. Abu biyu ne suke jan sa. Na farko, duk abin da mai gida ya gaya masa a ofis sirri ne, ba shi da ikon ya kwashe ya kawo miki, ko kotu ma ba ta tilasta masa haka kawai. Na biyu, ba shi da ikon ya yi miki ƙarya, ko ya rubuta abin da ya san ba gaskiya ba ne, ko ya taimaka a damfare ki. In ya gano mai gida damfara ya shirya, abin da ya wajaba a kansa ya hana shi, in ya ƙi ji ya ajiye aikin. Sirri ba ya rufe laifin da ake shirin aikatawa.

Amma ki lura da faɗin filin da ke tsakanin biyun nan. Mutum yana iya ƙin yi miki ƙarya kuma bai tono miki komai ba. In ba ki tambaya ba, ba a amsa ba. Ke kuma ba ki san abin da ake tambaya ba, shi ya sa ake ɗaukar wanda ya sani.

Lauya ɗaya ya tsaya wa ɓangare biyu, ba a haramta shi ɗungurungum ba. Sai dai ya bayyana wa kowa alaƙarsa da ɗayan, kowa ya amince, in saɓani ya taso kuma ya janye. A ƙaramin ciniki tsakanin wa da ƙani ana yi. A kuɗin marayu, da mutumin da ba ki sani ba, ni ba zan ba ki wannan shawarar ba.

Sarkin Dillalai:
Ni fa ina karanta ku ina dariya. Shekarata 22 a harkar nan, gidajen da na sayar ba lauya sun fi a ƙirga, ba wanda ya dawo. Lauyoyi ɓata ciniki suke. Ka sha rana ka haɗa mai saye da mai sayarwa, a sallama, sai wani ya zo da kwat ya ce a dakata sati uku. Kafin sati ukun wani ya zo da kuɗi a hannu ya ɗauke gidan. Wa ya yi asara?

Lauya 'Yar Zariya:
Ranka ya daɗe Sarki, ba raini ba, amma kai la'adarka ba ta fitowa sai ciniki ya faɗa. Ni kuwa ko na ce mata kada ta saya na yi aikina, za a biya ni. Bambancin ke nan. Sannan takardar mallakar fili da ake ba yaron shagon kwamfuta ya buga a ba shi na goro, doka ta ce lauya ne kaɗai zai tsara irinta a biya shi. Maganar kuɗi a hannu kuma a yi hattara, dokar hana safarar kuɗin haram ta 2022 ta hana mutum biya ko karɓar tsabar kuɗi sama da miliyan 5 ba ta banki ba.

Sarkin Dillalai:
'Yata, ke dai kin iya magana. Allah ya ba ki miji mai haƙuri.

Lauya 'Yar Zariya:
Ya riga ya ba ni Baba, har da 'ya'ya biyu.

Malam na Tudun Wada:
Ina so in ja hankalin Alhaji Ɗan Kwari. Rubuta ma'amala ba Bature ne ya kawo mana ba. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, a ƙarshen Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, kuma ta ce marubuci ya rubuta da adalci, a kafa shaidu. Wakilci a husuma ma malaman fiƙihu sun yi bayaninsa. Inda nake da damuwa da lauyoyi shi ne mutum ya san wanda ya ɗauke shi azzalumi ne, ya tsaya ya yi ta fasahar baki har a ba shi haƙƙin wani. Hadisin Ummu Salama ya yi kashedi a kan haka, cewa wanda aka yanka wa haƙƙin ɗan'uwansa saboda ya fi iya kafa hujja, yankin wuta aka yanka masa.

Barista na Kaduna:
Allah ya gafarta Malam, ƙa'idar aikinmu ma ba ta yarda da wannan ba. Lauya jami'in kotu ne kafin ya zama na kowa. Ba ya kawo shaidar da ya san ta ƙarya ce, ba ya ɓoye wa alƙali hukuncin da ya san ya shafi maganar ko da bai yi masa daɗi ba. Tsayawa wanda ake tuhuma kuwa wani abu ne daban, sashe na 36 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba kowa wannan haƙƙin, don mai ƙara ne zai kawo hujja. Amma wannan doguwar magana ce, a buɗe mata nata zauren, kada gidan Hajiya ya ɓace a ciki.

Maman Hanifa:
Na gode Barista, da ma na fara ruɗewa. In na ɗauki lauyan, me zai yi mini takamaimai? Kuma nawa zan tanada? Kada kuɗin lauya ya cinye na fenti.

Barista na Kaduna:
Zai fara da neman takardun gidan, na asali ba hoto ba. In akwai shaidar mallaka ta gwamnati, zai ɗauki lambar fayil ya je KANGIS, hukumar bayanan filaye ta Kano, ya nemi a yi bincike: sunan wa ke kai, an jinginar wa banki ko ba a jinginar ba, gwamnati ta soke ko tana nan, akwai wanda ya shigar da ƙorafi. Zai bi yadda gidan ya zo hannun mai sayarwa, saye ne, kyauta ce, ko gado. In gado ne nan aiki yake, don sai an ga takardar rabo daga kotu, ko duk magada su sa hannu. Zai je ya ga gidan da ƙafarsa, ya gwada da zanen safiyo, ya tambayi maƙwabta. Bayan an biya kuma saura neman amincewar gwamna, biyan kuɗin hatimin gwamnati, da rajista. Mutane da yawa a nan suke tsayawa don gudun kashe kuɗi, alhali Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ce mayar da irin wannan mallakar ba da amincewar gwamna ba ba ta inganta. Kotun Ƙoli ta jaddada haka a shari'ar Savannah Bank da Ajilo a 1989.

Kuɗi kuwa ba zan yanka miki a nan ba. An fitar da sabon tsarin kuɗin aikin lauyoyi a 2023, kuma na cinikin gida yana bin darajar gidan. Abin da zan ce, ku yi magana tun farko, a rubuta, a ware kuɗin aikinsa daban da kuɗin da za a biya gwamnati, kowanne ki karɓi rasit. Ki kuma duba takardar da zai ba ki tana ɗauke da hatimin NBA mai sunansa da lambarsa, don akwai masu kwat da jaka da ba su taɓa ganin ƙofar Bagauda ba.

Ummu Khairat:
Wannan na ƙarshen gaskiya ne, an taɓa kama wani a unguwarmu, shekara da shekaru ana ce masa barista.

Maman Hanifa:
Salam jama'a, na dawo bayan kwana tara. Na ɗauki wata lauya da matar ƙanina ta haɗa mu. Jiya ta kira ni. Fayil ɗin gidan sunan mahaifin mai sayarwar ne a kai, ya rasu shekara huɗu da suka wuce. Su bakwai ne magada, ba a kai ga rabo ba. Biyar sun san da cinikin, ɗaya yana karatu a waje, ɗaya kuma mace ce tana aure a Damagaram, ba wanda ya gaya mata. Da lauyata ta kira lauyan mai gidan, sai ya ce shi ba a nuna masa fayil ba, an dai ce ya rubuta yarjejeniya. Jikina har yanzu a sanyaye yake.

Ɗan Kwari:
Alhamdu lillahi da ba ki biya ba. Amma fa ku yi mini adalci, da mai unguwa aka tambaya, kyauta zai gaya mata gidan gado ne. Shi ya yi wa uban sallah.

Lauya 'Yar Zariya:
Wannan kam ka yi gaskiya Alhaji, shi ya sa babban yaya ya ce a tambayi maƙwabta. Sai dai mai unguwa zai ce miki gidan su wane ne, ba zai ce miki sa hannun mutum biyar bai isa ba. Ni abin da ya fi ba ni takaici abokin aikinmu ne. Ka ɗora hatiminka a kan cinikin gidan da ba ka ga tushensa ba? Ko wanda ya ɗauke shi bai kyauta wa ba, don da an yi cinikin, shi 'yar'uwarsa za ta fara makawa a kotu.

Sarkin Dillalai:
Ai ba lalacewa cinikin ya yi ba. A kira ta Damagaram ɗin a waya ta ce ta yarda, magana ta ƙare.

Barista na Kaduna:
Waya ba ta sa hannu, Sarki. Ko ta zo da kanta, ko ta ba da wakilci a rubuce yadda doka ta tsara, ko su je kotu a raba gadon a ba shi gidan a kasonsa. Hajiya, kafin ɗaya daga cikin ukun nan, ko sisi kada ya fita.

Maman Hanifa:
To Barista, akwai abin da ban faɗa ba tun farko don kunya. Ranar da aka sallama na ba da kafin alƙalami dubu 500. Yanzu dillalin yana ta kirana wai akwai wani mai saye, in ban cika ba zuwa Juma'a kuɗina sun bi ruwa.

Barista na Kaduna:
Wa kika ba, mai gidan ko dillali? Akwai rasit?

Maman Hanifa:
Dillalin na tura wa ta banki. Ya rubuta mini a fallen littafin makarantar Hanifa, ya sa hannu, ƙanina ma ya sa.

Barista na Kaduna:
Kada ki turo hotonta nan. Ki haɗa ta da shaidar turawar banki ki kai wa lauyarki gobe da safe, kuma in ya sake kira ki ba shi lambarta.